Na'urar Gane Matsayin Kujerar Direba: Nazarin Lalacewarta da Gyaranta a Garejojin Bauchi

Gabatarwa

A ƙarƙashin kujerar direba, jikin dogon ƙarfen da kujerar ke zamewa gaba da baya a kansa, akwai wata 'yar na'ura da mutum zai iya rufewa a tafin hannunsa. A yawancin motoci wayoyi biyu kacal ke fita daga jikinta. Aikinta guda ɗaya ne: ta shaida wa kwamfutar jakar iska ko direba ya matso kusa da sitiyari ko yana nesa da shi. Masu wayarin suna kiranta sansar kujera. Idan ita ko wayarta ta samu matsala, mota ba za ta ƙi tashi ba, inji ba zai canza kuka ba, mai ba zai ƙara zuƙewa ba. Abin da kawai mai mota zai gani shi ne wata jar wuta a dashbod, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ko kuma haruffan SRS, ta kama ta ƙi mutuwa.

Wannan nazari ya dubi dalilin da ya sa aka ƙirƙiro na'urar, da yadda take aiki, da abubuwan da ke lalata layinta a yanayi irin na Bauchi, da matakan da ya kamata a bi wajen gano matsalar da magance ta. Matsayar da nazarin ya tsaya a kai ita ce: a wannan layi awo ne ke gaba da canjin kaya, kuma kashe wutar dashbod daban yake da gyaran mota. Duk wanda ya haɗa biyun ya ɗora haɗari a kan direban da ya fi kowa buƙatar kariya, wato gajeren mutum da ke zama dab da sitiyari.

Asalin na'urar

Jakar iska tana buɗewa cikin abin da bai wuce kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, da gudun da kan kai kilomita 300 a sa'a. An tsara ta ne ta gama cika kafin ƙirjin direba ya iso gare ta. Idan ya same ta a cike, sai ta karɓe shi tana sacewa a hankali. Idan kuwa yana kusa ƙwarai, to tana cikin fitowa za ta same shi, duk ƙarfin fashewar ya sauka a ƙirjinsa da wuyansa. Wannan ne ya sa ake shawartar direba ya bar tazarar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙashin ƙirjinsa da tsakiyar sitiyari.

Amurka ce ta fara ɗanɗana wannan darasi. Doka ta wajabta jakar iska ta gaba a duk ƙananan motoci daga samfurin 1998. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar, NHTSA, ta ƙiyasta cewa jakunkunan gaba sun ceci rayuka fiye da 50,000 tsakanin 1987 da 2017. Ita dai hukumar ta ƙidaya mutane fiye da 290 da jakar da kanta ta kashe tsakanin 1990 da 2008, a ƙananan haɗurran da bai kamata su ci rai ba. Akasarinsu yara ne da ke kujerar gaba, sai direbobi, waɗanda da yawansu mata ne masu ƙaramin jiki, kuma mafi yawan mamatan ba su ɗaura bel ba ko ba su ɗaura shi daidai ba.

A watan Mayun 2000 hukumar ta sabunta ƙa'idarta mai lamba 208. Sabon sharaɗin ya fara aiki mataki-mataki daga Satumbar 2003, ya game duk sababbin ƙananan motoci a Satumbar 2006. Daga cikin abin da ya ƙunsa har da gwada mota da mutum-mutumin ƙaramar mace, mai tsawon kusan santimita 150 da nauyin kilo 49, an zaunar da ita kujera na can gaba. Kamfanoni da dama suka amsa da jaka mai matakin fashewa biyu. Kwamfuta na iya kunna matakan a tare idan karon ya yi tsanani, ko ta jinkirta na biyu domin jakar ta fito da sauƙi. Kafin ta yanke hukunci tana duba tsananin karon, da ko an ɗaura bel, da kuma inda kujera take. Sansar kujera ce ke kawo mata wannan labari na uku.

Yadda take aiki

Tushen na'urar wani bincike ne da Edwin Hall ya yi a Jami'ar Johns Hopkins a 1879. Ya gano cewa idan wuta na bi ta cikin siririn ƙarfe, aka kawo maganaɗisu kusa da shi, ana samun ɗan bambancin ƙarfin lantarki tsakanin gefensa biyu. A cikin sansar akwai ƙaramin maganaɗisu da ƙwayar lantarki mai jin wannan canji. A wasu motoci sansar na da baki kamar tsaga, wani faranti na ƙarfe yana shiga tsagar idan kujera ta kai wani wuri. A wasu kuma jikin dogon kujerar ne da kansa take ji idan ya zo daidai da fuskarta. Ko ta wace hanya, babu abin da ke taɓa wani, don haka babu gogayya, shi ya sa sansar kanta ke daɗewa ba ta lalace ba.

Hikimar tsarin tana cikin yadda take ba da amsa. Ba kunnawa da kashewa take yi irin na makunnin fitila ba. Kwamfuta ce ke tura mata wuta, ita kuma tana jan kaɗan ko da yawa gwargwadon inda kujera take. A irin ƙwayoyin da aka fi amfani da su, ƙaramin ja yana wajen miliamfiya 5 zuwa 7, babban kuma 12 zuwa 17, ko da yake kowane kamfani na da nasa adadi. Misalinta kamar mai gadi ne da aka ce duk lokacin da aka kira shi dole ya amsa, ko a hankali ko da ƙarfi. Idan aka ji shiru, ko aka ji ihun da ya wuce ƙima, an san ba lafiya. Saboda haka kwamfutar na iya rarrabe hali huɗu: kujera na gaba, kujera na baya, waya ta tsinke, ko waya ta yi shot. Biyun ƙarshe su ne ke kunna wutar dashbod.

A nan ya kamata a lura da abu biyu. Na farko, lambar matsalar da kwamfuta ke bayarwa tana nuni ne ga layin gaba ɗaya, daga sansa zuwa soket zuwa waya zuwa kwamfutar kanta. Ba ta ce sansa ta mutu ba. Na biyu, akwai wata na'ura dabam mai kama da wannan a suna, wadda ke cikin motocin da kujerarsu ke tuna zaman mai ita. Waccan tana ƙirga juyin injin da ke tura kujera ne, kuma idan ta samu matsala kujerar kan riƙa tafiya guntu-guntu ko ta manta wurinta. Sau da yawa, bayan an cire batir, abin da take buƙata shi ne a sake koya mata iyakokinta ta hanyar kai kujerar ƙarshen gaba da ƙarshen baya kamar yadda littafin motar ya tsara. Wannan lamari ne na jin daɗi. Ta jakar iska kuwa lamari ne na rai.

Yadda matsalar ta iso Bauchi

Bauchi ba baƙuwa ba ce a harkar ƙarfe da inji. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr ya fara haɗa manyan motoci da taraktoci a garin, a daidai lokacin da Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ta cika titunan Arewa. Manyan makanikan garin da yawa a kan irin waɗannan injuna suka buɗe ido, injunan da ake gane ciwonsu da kunne da hanci da tafin hannu. Ilimi ne na gaske, kuma shi ya riƙe sufurin ƙasar nan shekaru masu yawa. Sai dai layin da ke magana da 'yan miliamfiya ba ya ƙara, ba ya wari, ba ya zafi.

Motocin da ke yawo yau daga Wunti zuwa Yelwa, da masu bin hanyar Jos da Gombe da Ningi da Darazo, mafi yawansu na hannu ne da aka shigo da su ta tashoshin ruwan Legas, ko ta Kwatano kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Camry da Corolla da Accord da Sienna da Highlander na kasuwar Amurka, na tsakiyar shekarun 2000 zuwa sama, sun faɗo daidai cikin zamanin sabuwar ƙa'idar nan. Wani kaso nasu daga kasuwannin gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye aka sayo su. Guguwar Katrina ta 2005 da ta Harvey ta 2017 kowace ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma ruwan da ya shiga mota ƙasan kujera yake fara kwanciya.

Akwai misali da ya shafe mu kai tsaye. A farkon 2007 kamfanin Honda ya yi kiranye ga kimanin motoci 81,000 samfurin Accord na 2004 da 2005 a Amurka. Dalili shi ne an ɗaure wayar sansar kujera a jikin ƙarfen kujerar a wurin da bai dace ba, har tana iya tsinkewa. Sanarwar ta bayyana cewa idan hakan ta faru wutar SRS za ta kama, kuma jakar direba za ta koma buɗewa da cikakken ƙarfinta ko ina kujerar take, abin da ke ƙara haɗarin rauni ga direba mai ƙaramin jiki. Wannan Accord ita ce 'yan kasuwar mota a Najeriya ke kira End of Discussion, kuma har gobe tana kan titunan Bauchi. Darasin da ke ciki a fili yake: ko a wurin waɗanda suka ƙera motar, wayar ce ta gaza, sansar lafiyarta ƙalau.

Abubuwan da ke lalata layin

Na farko shi ne motsi. Layin sansar na daga cikin 'yan layukan mota da ke lanƙwashewa kullum. Motar gida da maigida ke kai wa ofis da safe, uwargida ta karɓa da yamma, ɗa ya ɗauka a ƙarshen mako, kujerarta na kai da komo sau da yawa a rana. Kowace tafiya na lanƙwasa wayar a wuri ɗaya, har siraran tagullar ciki su riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya alhali robar waje ba ta nuna komai. Zafin watannin Maris da Afrilu, lokacin da motar da aka ajiye a rana ke zama tamkar tanda, yana busar da robar ta yi tauri, sai karyewar ta yi sauri. Alamar wannan ciwo ita ce wutar da ke zuwa tana tafiya, musamman bayan an ja kujera ko an faɗa rami.

Na biyu shi ne abin da ake cusawa ƙarƙashin kujera. Duk wanda ya leƙa ƙasan kujerar motar haya zai ga abin mamaki: sifana, ƙaramin jak, gorar ruwa, takalmi, darduma a naɗe, wani lokaci har da lasifikar da aka ƙara wa rediyo. Gora na iya tura soket ya saki rabi. Sifana na iya lanƙwasa farantin ƙarfen ko ta yanke waya a bakin dogo. Lasifika kuwa babban maganaɗisu ne a jikinta, kuma na'urar da ke aiki da jin maganaɗisu ba ta son maƙwabtaka da shi. Ƙusa ko ɓurɓushin ƙarfe daga wurin mai walda na iya mannewa a fuskar sansar su rikita karatunta.

Na uku shi ne ruwa da ƙura. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa na shiga ta robar ƙofa da ta tsufa ko ta magudanar na'urar sanyaya mota da ta toshe, ya jiƙa soson da ke ƙarƙashin kafet. Saman kafet ya bushe a yini, soson ƙasa ya yi makonni da laima. Masu wankin mota da ke fesa ruwa mai ƙarfi har cikin mota suna jawo irin wannan ko da rani. Idan hunturu ya zo, ƙurarsa mai laushi ta shige soket, ta haɗu da laimar, sai a ga wani koren tsatsa ya fito a kan haƙoran. Tsatsar na ƙara wa layin nauyi, wutar da ke wucewa ta fita daga iyakar da kwamfuta ta sani.

Na huɗu shi ne hannun mutum. Mai ɗinkin kujera ya kwance kujera don ya sa mata sabuwar fata, ya mayar, ya manta soket ɗaya ko ya bi da waya ta inda dogo zai murƙushe ta. Wani ya kunna makulli kujera na waje, kwamfuta ta rubuta matsala nan take. Wani kuma kujerarsa ta lalace, aka samo masa ta Beljiyom daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ramukan ƙusoshi sun yi daidai, amma an ciro ta ne daga motar da aka ƙera wa wata kasuwa, wadda ƙila ba ta zo da sansar ba sam. Sai soket ɗin motar ya zauna yana reto ba abokin haɗi.

Matakan bincike

Matakin farko tambaya ce. Yaushe wutar ta fara? An wanke cikin motar? An kwance kujera? An canza batir? Tana mutuwa wani lokaci ko kullum tana kunne? Makaniken da ya zauna ya ce, "Alhaji, kafin mu taɓa komai, me aka yi wa motar nan a makon da wutar ta kama?" sau da yawa ya riga ya yi rabin aikin. Daga nan a kunna makulli a kalli wutar. A motar Toyota mai lafiya tana kamawa na kusan daƙiƙa 6 sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba ko kaɗan, wannan ma ciwo ne, kuma alama ce mai ƙarfi cewa wani ya riga ya taɓa dashbod ɗin.

Mataki na biyu shi ne sa wa mota kwamfuta. Tun 1996 motocin kasuwar Amurka ke zuwa da soket mai haƙora 16 a ƙasan sitiyari. Amma ƙananan na'urori masu araha da ake haɗawa da wayar hannu galibi lambobin inji kawai suke karantawa, waɗanda ke farawa da harafin P. Lambobin jakar iska da harafin B suke farawa, kuma sai da na'ura irin su Launch ko Autel, ko Techstream na Toyota, ko HDS na Honda. A Toyota lambar wannan layi ita ce B1653, a tsofaffin samfura B1153, a wasu kamfanoni kuma B00B5. A rubuta lambar a takarda kafin a goge komai, a kuma lura ko matsala ce mai ci yanzu ko tsohuwa da ta rage a ajiye. Sannan a buɗe shafin da ke nuna karatun sansar kai tsaye, yaro ya ja kujera gaba ya mayar baya. Idan rubutun na canzawa daidai da tafiyar kujerar, sansa na da rai. A bar idon a kan allon, a girgiza wayar a hankali gaɓa-gaɓa. Inda karatun ya ɓace, nan ciwon yake.

Mataki na uku shi ne kariya, kuma ba a tsallake shi. A kashe makulli, a cire kan batir na nagatif, a jira. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3, domin kwamfutar jakar iska na da ma'ajiyar wuta a cikinta da za ta iya fasa jaka ko bayan an cire batir. A ƙasan kujerar akwai wasu soket masu launin rawaya na jakar gefe, a wasu motoci har da na na'urar da ke fizge bel. Ba a sa musu mita, ba a sa musu fitilar gwaji. Ɗabi'ar gwada waya da kwan fitila da batir, wadda ta yi amfani a zamanin 504, a nan tana iya fasa jaka a fuskar mai aiki ko ta ƙona kwamfuta.

Mataki na huɗu shi ne kallo da fitila mai haske. A fitar da duk tarkacen da ke ƙasa. A taɓa soson kafet a ji ko da laima. A bi wayar da yatsa daga sansa har inda ta shige ƙasan kafet, ana neman wurin da ya goge, ya murƙushe ko ya yi laushi fiye da sauran. A cire soket a dubi haƙoransa: ko sun yi kore, ko ɗaya ya koma ciki, ko bakin ya buɗe har ba ya kamawa. A duba ko sansar na zaune daram, ko farantinta ya karkace.

Mataki na biyar shi ne awo da mita, bayan an raba wayar da sansa a wannan kai, an raba ta da kwamfuta a wancan. Gwaji huɗu ne, kuma littafin gyaran Toyota ya ba da iyakokinsu. Kowace waya daga farkonta zuwa ƙarshenta kada ta kai om 1. Tsakanin wayoyin biyu a samu om miliyan 1 ko fiye. Tsakanin kowace waya da jikin mota ma haka. Sannan a mayar da batir, a kunna makulli, a auna ko wuta na shigowa layin daga wata waya. Kada ta kai volt 1. Yayin awon farko a riƙa lanƙwasa wayar, domin silin tagulla ɗaya da ya rage zai iya nuna wa mita cewa komai lafiya alhali da an ja kujera zai rabu.

Sai waya ta ci duk waɗannan gwaje-gwaje ake zargin sansa, a gwada wata da aka tabbatar da lafiyarta. Kwamfutar jakar iska ita ce ta ƙarshe a jerin zargi. Ita ce mafi tsada, kuma ita ce mafi ƙarancin lalacewa, sai fa idan ruwa ya kai gare ta. Abin takaici, a inda ba a awo jerin kan juye ne: a fara da sayen sansa, a koma ga "burenbos", wato kwamfutar, a ƙare da gano cewa waya ce ta tsinke a bayan maƙalinta.

Gyaran da ya amsa sunansa

Idan tsatsa ce mara yawa, a wanke haƙoran da ruwan feshin da aka yi domin soket na lantarki, a bar shi ya bushe. Ba a zuba fetur, ba a shafa baƙin mai, ba a kankare da wuƙa, domin siririn rufin da ke kan haƙoran shi ke hana su sake tsatsa. Idan haƙori ya cinye, a canza soket ɗin. Idan laima ce musabbabi, dole a ɗaga kafet a shanya soson a rana, a kuma toshe inda ruwan ke shigowa, in ba haka ba aikin zai dawo da damina mai zuwa.

Idan waya ce ta tsinke, kamfanoni da dama sun fi son a canza guntun wayar kujerar gaba ɗaya maimakon a yi mata ƙari, kuma a motoci da yawa guntu ne mai zaman kansa da ake iya samu a wurin masu kayan Beljiyom. Inda kamfani ya yarda da ƙari, yana gindaya irin maɗaurin da za a matse da shi da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗe waya biyu da yatsa a naɗe da baƙin tef ba ya cikin abin da aka yarda da shi a layin da ke lanƙwashewa kullum. Bayan haka a mayar da wayar kan hanyarta ta asali, a maƙale ta a maƙalanta, a bar mata isasshen sako-sako yadda kujera za ta kai ƙarshen gaba da baya ba tare da ta ja ta ba.

Idan sansa aka canza, lambar da ke jikin sabuwar ta yi daidai da ta tsohuwa, kuma a kula da tazara. Littafin gyaran Camry na samfurin 2007 ya ce a sa ma'aunin tazara na milimita 1 tsakanin sansa da dogo yayin ɗaurewa, tazarar ƙarshe ta tsaya tsakanin milimita 0.6 da 2. A ƙarshe a mayar da batir, a goge lambar, a kashe a kunna, a kai kujera gaba da baya sau da yawa ana kallon karatun, a zagaya da motar, a sake karantawa. Sai lambar ta ƙi dawowa ake cewa aiki ya kammala.

Gyaran ƙarya da abin da yake jawowa

Akwai hanyoyi uku da ake bi a kashe wutar ba tare da an gyara komai ba: a buɗe dashbod a cire kwan ko a rufe shi da tef, a haɗa shi da wutar wata alama domin ya riƙa kamawa yana mutuwa kamar mai lafiya, ko a soka rezista a soket domin kwamfuta ta ɗauka sansa na nan. Na ukun ya fi yaudara, domin yana daskarar da amsar a wuri ɗaya. Kwamfuta za ta ci gaba da ganin kujera na baya har abada, ko da malamar makarantar da ta ja ta har gwiwarta na taɓa dashbod ce ke tuƙi.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Wuta ɗaya ce ke magana da yawun dukan tsarin: jakar direba, ta fasinja, na gefe, wayar da ke naɗe cikin sitiyari, da na'urorin bel. Wanda ya rufe ta saboda sansar kujera ya rufe bakin sauran duka. Gobe idan wayar sitiyari ta tsinke, jakar direba ta daina aiki ɗungurungum, ba wanda zai sani sai ranar da aka buƙace ta a hanyar Alkaleri ko gangaren Jos. Idan kuma aka yi haka don a sayar da mota, to algus ne, kuma addini da al'ada duk sun hana ɓoye aibin haja.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin kan makanike shi kaɗai. Mai motar da ya ce, "Kai dai ka kashe min ita, sauri nake," ya riga ya zaɓi irin aikin da za a yi masa. Al'adarmu ta biyan kuɗin kaya da kuɗin ɗaurawa, amma a ga kuɗin bincike kamar zalunci, ita ke tura mai sana'a ga canjin kaya ba awo. Awa biyun da aka yi ana bin waya da mita aiki ne, ko da abin da aka canza a ƙarshe bai wuce soket ba.

Shawarwari da kammalawa

Bauchi na da cibiyoyin da za su iya cike wannan giɓi. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da ta Abubakar Tatari Ali, duk suna koyar da injiniyanci. Gajerun kwasa-kwasai da Hausa, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci, kan karanta zanen wayarin da amfani da mita da ƙa'idojin taɓa jakar iska, za su kai ga mutanen da motocin garin ke hannunsu. Garejoji maƙwabta na iya haɗa kuɗi su sayi na'urar bincike mai kyau guda ɗaya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, da jami'an duba lafiyar motoci, na iya sa kallon wutar SRS cikin abin da suke dubawa da wayar da kai a kansa, domin daƙiƙa kaɗan yake ɗauka.

Mai mota ma na da nasa rabon. Ya bar ƙasan kujera fayau. Ya hana fesa ruwa cikin mota. Ya tabbatar an cire batir kafin a kwance kujera. Kafin ya biya kuɗin mota ta hannu, ya ga wutar ta kama ta mutu a kan lokacinta, sannan ya sa a karanta masa kwamfutar jakar iska, ba ta inji kaɗai ba. Ya ɗaura bel, domin jakar an yi ta ne ta taimaka wa bel, ba ta maye gurbinsa ba. Yara kuma su zauna a baya.

Abin da wannan nazari ya nuna shi ne matsalar sansar kujera ba ta fi ƙarfin makanikan Bauchi ba. Kayan aikinta mita ce da na'urar karanta lambobi da zanen wayarin, matakanta a jere suke, kuma sau da yawa gyaran da ya dace ya fi canjin kaya na lalube sauƙin kuɗi. Abin da ake buƙata shi ne mai gyara ya auna kafin ya kwance, mai mota ya biya kuɗin awon da zuciya ɗaya, su biyun kuma su yarda cewa ba a sallami mota ba sai wutar ta mutu da kanta saboda ciwon ya warke.